Minna da Kakar Ƙwallo ta 2019

Kakar ƙwallo ta 2019 ita ce wadda ƙungiyar Niger Tornadoes ta Minna ta faɗo daga babbar gasar Najeriya, ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, sannan ta wakilci ƙasar a gasar Afirka, duka tsakanin Janairu da Agusta. Teburin gasa yana nuna maki da yawan ƙwallaye, amma ba ya nuna dalili. Mai neman dalili sai ya taka zuwa Minna, ya ga garin da filayen makarantunsa da babban filin wasansa, sannan ya bi hanyoyin da suka fita zuwa Lakwaja da Legas da Kaduna, domin a waɗannan garuruwa aka buga mafi yawan wasannin da mutanen Minna suke tunawa da su.

Yawancin baƙi ta hanyar Suleja suke shiga. Daga Abuja tafiyar kimanin kilomita 150 ce: a wuce Zuba, a bar Dutsen Zuma a Madalla, a ratsa gefen Suleja, sannan a karya hagu a rabu da babban titin Kaduna. Daga nan ƙasa take buɗewa, gonakin doya da dawa da masara hagu da dama, ga itatuwan kaɗanya da ɗorawa tsaitsaye a cikinsu. Akwai 'yar hanya da ke gangarawa zuwa ruwan Gurara, wanda da damina ake jin ruguginsa tun kafin a hango shi. A Lambata hanya ta rabu, reshe ɗaya ya nufi Lapai da Agaie da Bidda. A wajejen Paiko doya ce ke tare ido, an tsiba ta kashi-kashi a bakin titi, matan Gbagyi suna sauke kaya daga kafaɗa. Titin kansa ya sha wuya a hannun tireloli da tankokin mai, kuma an daɗe ana aikin mayar da shi tagwaye. Shi motar 'yan wasan Tornadoes take bi duk lokacin da za ta nufi Abuja ko jihohin gabas, shi kuma yawancin ƙungiyoyin baƙi suke biyowa, su iso ƙafafu sun yi nauyi tun ba a shiga fili ba.

Ana shiga garin ta Chanchaga, a wuce Tunga, a iso shataletalen Mobil inda hada-hadar tsakiyar gari take. Asalin Minna garin Gbagyi ne da ke zaune a kan tudu, jirgin ƙasa ne ya sauko da shi fili. Layin dogo da ya taso daga Baro a bakin Kogin Kwara ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, ba da jimawa ba kuma layin Legas ya zo ya haɗe da shi a Minna. Tashar jirgi ta jawo leburori da akawuna da fatake: Hausawa, Nufawa, Yarabawa, Ibo, kowa da unguwar da ya fi sabawa da ita. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a Fabrairun 1976, aka mai da garin hedikwata, sai ma'aikatan gwamnati suka ƙaru a kan na reluwe. A nan fadar Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruq Bahago take, a nan kuma gidajen tsofaffin shugabannin ƙasa biyu suke, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar. Harsuna suna da yawa, amma Hausa ce ta kasuwa da tasha, ita ce kuma ake ihu da ita a bakin fili.

Baƙo ba zai kwana biyu ba zai lura cewa gari ne na ɗalibai. Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta buɗe a 1983 a Bosso, daga baya ta gina babban mazauninta a Gidan Kwano, kan hanyar Bidda. A kan wannan hanya hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO take. Kwalejin Ilimi ta jiha tana ɓangaren Chanchaga, ga kuma sakandare na gwamnati da na 'yan kasuwa birjik a kowace unguwa. Nesa kaɗan akwai jami'ar jiha a Lapai, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Bidda, da ta jiha a Zungeru. Kusan kowace daga cikinsu tana da fili, kuma waɗannan filaye ne gadon ƙwallo a yankin.

Idan an yi la'asar, rana ta fara sanyi, filin makarantar unguwa yakan cika. Jar ƙasa ce tsirara, ciyawa sai a gefe-gefe inda ƙafa ba ta kaiwa. Turakun gola na bututun ƙarfe ne, galibi babu raga. Manya ne suke riƙe da tsakiya, sanye da rigunan ƙungiyoyin Turai da suka koɗe, wasu da takalmin ƙwallo, wasu da kambas, ɗaya ko biyu da safa kawai. Ƙanana suna can kusurwa sun kafa duwatsu biyu, suna tasu da ƙwallon roba. Ƙa'ida a bayyane take: wanda aka ci ya fita, na zaune su shigo, shi ya sa ba wanda yake wasa da sanyin jiki. Ƙura takan tashi har ta rufe ƙafafu, musamman da hunturu. Gardamar ko ƙwallo ta wuce saman turke ko ta bi ta ƙarƙashi takan fi wasan kansa zafi, sai wani babba da ake jin maganarsa ya raba. Mai ruwan leda yana gefe da bokiti. Da an ji kiran magariba sai a watse, mai ƙwallo ya ɗauki abarsa, masu salla su nufi famfo.

Sama da wannan akwai gasannin cikin makarantu: tsakanin sassa, tsakanin tsangayoyi, tsakanin ɗakunan kwana, da kofin da akan sa wa sunan shugaban makaranta. Sama da su kuma akwai wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, da aka fara a Ibadan a 1966, da takwarorinsu na kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. A 2018 aka buɗe gasar ƙwallo ta manyan makarantu mai suna HiFL, wadda Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ta fara lashewa. A cikinta kowace jami'a da sunan ƙungiyarta: ta Ahmadu Bello a Zariya ana ce mata Nobles, ta Bayero a Kano Stallions, ta Minna kuwa Transformers, sunan da ya dace da jihar da madatsun Kainji da Shiroro suke cikinta. A 2021 'yan Minna sun shiga sahun huɗun ƙarshe, shekarar da Jami'ar Maiduguri ta ɗauki kofin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗaliban injiniya da kimiyya da suke atisaye tsakanin lacca da ɗakin gwaji.

Sai dai ƙwallon ɗalibai a Najeriya ba ta da kaka tsayayya. A Amurka wasan jami'o'i, wanda ake yi da doguwar ƙwallo ana rungumarta ana gudu, yana da lokacinsa a kowace shekara, kuma filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar sama da mutum 100,000. Daga nan manyan ƙungiyoyi suke ɗibar 'yan wasa. A nan kuwa kalandar karatu ce take juya komai. Annobar korona da yajin aikin malaman jami'a sun cinye kusan dukan 2020, wani yajin ya sake cin wata takwas a 2022. Ɗan wasan da ya yi tashe a aji biyu yakan dawo daga irin wannan dogon zama ya tarar abokansa sun watse, ga jarrabawa ta taru masa. Shi ya sa ƙungiyar gari ba ta dogara da jami'a. Ta fi ɗauko yara daga ƙungiyoyin unguwa da makarantun koyon ƙwallo, ta cike sauran da 'yan wasan da suka zagayo daga wasu jihohi. Asara ce ta ɓangare biyu. Jami'a tana da masu ilimin motsa jiki da lissafi da gine-gine, ƙungiya tana da suna da magoya baya, tsakanin Bosso da babban filin gari kuwa tafiyar Keke Napep ce ta 'yan mintuna.

Wannan babban fili shi ne na tunawa da Bako Kontagora, yana cikin gari, kuma yana ɗaukar kimanin mutum 5,000. Ranar wasa, tun bayan azahar titin da ke gabansa yake fara cunkushewa. Masu rake da gyaɗa da tsire suna jere, 'yan acaɓa suna sauke mutane, yara suna laɓe kusa da ƙofa ko wani babba zai ja su ciki. Da ƙarfe huɗu ake take wasa. Masu hali suna ƙarƙashin rumfa, talakawa suna ɓangaren da rana take duka, kuma daga can ganga da kirari suke fitowa. Ƙanƙantar filin tana da amfaninta: ɗan kallo yana jin numfashin ɗan wasa, ɗan wasa yana jin sunansa a bakin ɗan kallo, alƙalin wasa ma yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Baƙuwar ƙungiya ba ta jin daɗin wurin. Amma ƙanƙantar nan da ƙarancin kayan aiki su ne suka sha sa hukumomin gasa su ce filin bai cika sharaɗi ba. Abin da suke dubawa sananne ne: lafiyar ciyawa, ɗakunan sauya kaya, shingen da ke raba 'yan kallo da 'yan wasa, fitilu, wurin 'yan jarida da na kyamarar talabijin, da hanyar da motar asibiti za ta shiga ta fita.

Ƙungiyar da ke wannan gida an kafa ta ne a ƙarshen shekarun 1970, jim kaɗan bayan samun jiha, kuma gwamnatin jihar ce take ɗaukar nauyinta, kamar yadda yake ga Kano Pillars da Wikki Tourists da yawancin ƙungiyoyin ƙasar. Magoya baya suna kiran 'yan wasanta 'yan Ikon Allah. Tun tana ƙarama ta nuna cewa a kofin ƙalubale ƙarfinta yake. A 1982 ta kai wasan ƙarshe, Stationery Stores ta Legas ta doke ta da ci 4 da 1. Sai da aka yi shekara 18 ta sake komawa, a 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, ta doke Enugu Rangers da ci 1 da nema. Nauyin wannan nasara sai an san wacece Rangers: a lokacin ta riga ta ɗauki wannan kofi sau biyar, ta kuma ɗauki kofin Afirka a 1977. Shekara uku ke nan a jere kofin yana kwana a Arewa, Wikki ta Bauci a 1998, Plateau United ta Jos a 1999, sannan Minna. A 2001 Tornadoes ta shiga gasar masu kofin ƙalubale ta Afirka, wadda Kaizer Chiefs ta Afirka ta Kudu ta lashe. Har yau kofin 2000 shi ne babban abin da dattawan magoya baya suke kafa hujja da shi idan hira ta yi hira.

Bayan shekaru na hawa da sauka, ƙungiyar ta dawo babbar gasa a kakar 2016, amma ba a Minna ta karɓi baƙinta ba. Filin gida bai samu amincewa ba, sai aka koma Lakwaja a Jihar Kogi, aka yi wannan kakar da ta 2017 a can. Hanyar ta kai kimanin kilomita 300: a koma Suleja, a bi Zuba da Gwagwalada da Kwali da Abaji, a wuce Koton Ƙarfe, a haye Kogin Kwara ta gadar Murtala Muhammad, sannan a gangara garin da Kwara da Binuwai suka haɗu a ƙarƙashin Dutsen Patti. Gari ne mai zafi da gumi, mai tsohon tarihin Turawan mulki, kuma mutanensa sun karɓi baƙin hannu bibbiyu. Duk da haka, ƙungiyar da ke karɓar baƙi a garin wasu kamar mai yin biki ce a gidan aro: ita ke da ɗawainiya, amma danginta kaɗan ne za su iso. Ma'aikacin da ke Minna ba zai iya barin aiki ranar Laraba ya yi tafiyar awa biyar don wasan minti 90 ba. Ɗalibi ba shi da kuɗin mota. Yaron da a da yake laɓewa a bakin ƙofa ya yi shekara biyu bai ga ƙungiyar garinsa da idonsa ba, kuma a irin wannan shekarun ne ake ɗaura wa yaro son ƙungiya ko a rasa shi. Kuɗin ƙofa ya ragu, na masauki da man mota ya ƙaru.

Abin yabo ne cewa a cikin wannan hali, ƙarƙashin koci Abubakar Bala, Tornadoes ta riƙe matsayinta a gasa, ta kuma kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2017, shekarar da aka fara kiransa kofin Aiteo. An buga shi a filin Agege da ke Legas ranar 15 ga Oktoba, da Akwa United ta Uyo, wadda Abdu Maikaba, mutumin Kano, yake horarwa. Aka tashi babu ci, aka je bugun fenareti, Akwa ta yi nasara da 3 da 2.

Abin da ya faru a 2019 ya samo tushe ne daga 2018. A wannan shekarar rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ya tsayar da gasa bayan wasa 24, ba a ƙarasa ta ba. Aka ba Lobi Stars ta Makurɗi, wadda take saman teburi, damar zuwa Afirka, ba a kuma saukar da kowa ba. Ƙungiyoyi huɗu suka hau daga ƙasa, adadi ya tashi daga 20 zuwa 24. A daidai lokacin hukumar ƙwallon Afirka ta sauya kalandarta, ta mayar da farkon gasanninta watan Agusta, don haka dole Najeriya ta gama tata da wuri ta miƙa sunayen wakilai. Mafitar da aka samu ita ce a raba ƙungiyoyin gida biyu, 12 a kowane rukuni, kowa ya buga wasa 22 tsakanin Janairu da Mayu, uku na sama su je gasar fitar da zakara, huɗu na ƙasa su faɗi. Ke nan kashi ɗaya cikin uku na kowane rukuni zai sauka. A doguwar gasa mai wasa 38, ƙungiyar da ta yi tuntuɓe da fari tana da lokacin miƙewa. A wannan kuwa makonni uku na rashin sa'a sun isa su jefa ta rami.

Tornadoes ta faɗa rukunin farko, tare da Rangers da Enyimba da Lobi Stars da Rivers United da Katsina United da Wikki da sauransu. Wanda ya shimfiɗa taswira zai ga abin da wannan yake nufi ga ƙafa da baya: Katsina a can arewa, Bauci a gabas, Makurɗi a bakin Binuwai, Inugu da Aba da Fatakwal a kudu maso gabas da kudu, Binin da Akure da Legas da Ilori ta yamma. Kusan duka a mota ake zuwa, sau da yawa wasa Lahadi wasa Laraba. Daga Minna zuwa Fatakwal yini ne cur a zaune, gwiwa a naɗe. Sanannen abu ne a gasar Najeriya cewa cin wasa a waje yana da wuya ƙwarai, don haka rayuwar ƙungiya tana rataye ne ga wasanninta 11 na gida. Duk canjaras ɗin da aka yi a gida maki biyu ne suka tafi, da wuya kuma a ramo su a garin wani. Da aka rufe rukuni a watan Mayu, Tornadoes tana cikin huɗun ƙasa, tare da Bendel Insurance da Kwara United da Remo Stars. Enyimba ce ta zama zakara a watan Yuni.

Faɗuwa gasar 'yan dagaji ta fi ciwo a gari mai ƙungiya ɗaya. Manyan baƙi sun daina zuwa, rediyo ya rage ambato, 'yan wasan da suka fi hazaƙa sun fara amsa wayar wasu ƙungiyoyi. Gidajen kallo na Kpakungu da Maitumbi da Bosso ba su rasa komai ba, domin wasannin Ingila da Sifen suke nunawa, kuma matashin da ya haddace 'yan wasan Chelsea da Real Madrid har da na benci ba lallai ne ya kawo sunan mutum biyar a Tornadoes ba. Wannan gasa ce da ƙungiyar gida take yi kullum ba tare da alƙali ba, kuma makaminta ɗaya ne: wasa mai kyau a filin da ƙafa za ta iya kaiwa.

Sai ga kofin ƙalubale. Shi ne gasa mafi tsufa a ƙasar, tun 1945 ake yin sa, kuma tsarinsa daban yake da na lig. Daga jihohi ake farowa, kowace jiha ta fitar da wakilanta, manya da ƙanana a tukunya ɗaya, sannan a haɗu a matakin ƙasa ana sili-ɗaya-ƙwale a filayen da ba na kowa ba. Ba a tambayar wanda ya fi tara maki a wata biyar, ana tambayar wanda ya fi daurewa yau. Irin wannan tsari ya dace da ƙungiya mai tsaron baya da gola mai natsuwa, kuma Tornadoes tana da Mustapha Aliko a raga, wanda ya daɗe yana tsare mata gida. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takarda: ɗan wasan da ƙungiyarsa ta faɗi ya san kofi ne kaɗai tagar da ta rage masa a gan shi. Zagaye bayan zagaye 'yan Minna suka riƙa tsallakewa, har suka sami kansu a wasan ƙarshe karo na biyu cikin shekara uku.

An sa wasan a Kaduna ranar 28 ga Yuli. A taswira Kaduna kusa take da Minna, a ƙasa kuwa lissafin daban ne. Gajeruwar hanya ita ce ta Sarkin Pawa, amma lalacewa da fargabar 'yan bindiga sun sa direbobi da yawa sun ƙaurace mata. Ta Tegina da Birnin Gwari ta fi ta muni wajen tsaro. Abin da ya rage shi ne a koma wajen Suleja a hau babban titin Abuja zuwa Kaduna, a bi Tafa da Jere da Katari, titin da shi ma a 2019 masu garkuwa da mutane suka addaba, har masu hali suka koma jirgin ƙasan da ke sauka a Rigasa. Tsohon layin dogo da ya haifi Minna yana nan ya miƙe zuwa Kaduna, sai dai ba jirgin da mai sauri zai dogara da shi ba ne. Duk wanda ya taso daga Minna don wannan wasa, ya yi sammako ne da addu'a a bakinsa, cikin tsakiyar damina.

Filin Ahmadu Bello ya ninka na Minna sau da yawa, kuma ya ga manyan ranaku: an buga wasannin kofin duniya na matasa a cikinsa a 1999 da 2009. Abokiyar karawa ita ce Kano Pillars, mai kofin lig huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma wadda ba ta taɓa ɗaga kofin ƙalubale ba tun kafa ta a 1990. Ta zo da tabon da bai warke ba. A wasan ƙarshe na 2018 a Asaba, ta ci Rangers uku babu ko ɗaya, aka farke su duka, aka kuma doke ta a bugun fenareti. Kaduna kuwa kusan gida ce ga Kanawa, kuma sun yi ɗango a kan hanyar Zariya sun cika filin da kirarin Sai Masu Gida. A takarda ba a haɗa su: ga ta biyu a gasar ƙasa, da Rabi'u Ali a tsakiya da koci Ibrahim Musa a bakin layi, ga kuma wadda aka saukar wata biyu da suka wuce. A fili kuwa Tornadoes ta toshe ƙofofi, aka tashi babu wanda ya ga ragar wani.

Bugun fenareti abu ne da ake koya a atisaye, amma ba a iya koyar da yanayinsa. 'Yan wasa suna jere a da'irar tsakiya, hannu a kafaɗar juna. Wanda layi ya zo kansa zai tako shi kaɗai kusan rabin fili, ya ɗauki ƙwallo ya dasa ta a tazarar mita 11 daga raga, ya ja da baya, dubban mutane suna yi masa ihu ko addu'a. Gola yana da 'yancin ya yi kuskure sau huɗu a yafe masa idan ya tare ɗaya. Mai bugu kuskure ɗaya ne zai bi shi shekaru. A Kaduna Pillars ta ci 4, Tornadoes ta ci 3. Pillars ta samu kofinta na farko, Minna kuwa ta rasa na biyu cikin shekara uku ta hanya iri ɗaya, ba tare da an zura mata ƙwallo ko ɗaya a cikin wasan ƙarshen guda biyu ba. Mai adalci zai yaba wa tsaron bayan, zai kuma lura cewa minti 180 ba tare da cin ƙwallo ba yana nuna inda giɓin yake.

Rashin kofin bai rufe kakar ba. Da yake Pillars ta riga ta samu gurbi a gasar zakarun Afirka ta hanyar lig, kujerar mai kofin ƙalubale a gasar Confederation ta Afirka ta faɗo hannun ta biyu. Haka ƙungiyar da take shirin komawa gasar 'yan dagaji ta zama ɗaya daga wakilan Najeriya huɗu, tare da Enyimba da Pillars da Rangers, shekara 18 bayan fitarta ta farko. Tsakanin wasan ƙarshe da wasan farko na Afirka mako biyu ne kacal, ga rajistar 'yan wasa, ga neman kuɗin jirgi, ga gajiyar wata bakwai. Ƙuri'a ta haɗa ta da Santoba ta ƙasar Gini. Filin Minna bai kai ma'aunin hukumar Afirka ba, don haka wasan gida ma a Kaduna aka yi shi, kuma baƙin suka ci 2 da 1. A Konakiri 'yan Minna sun buɗe wuta irin wadda aka nema a Agege da Kaduna aka rasa, suka zura uku, amma su ma aka zura musu uku. Jimilla 5 da 4, aka fitar da su a zagayen share fage. A irin wannan zagayen na gasar zakarun Afirka ne Asante Kotoko ta Gana ta fitar da Pillars, bayan Kanawa sun ci 3 da 2 a gida an doke su 2 da nema a Kumasi.

Daga Konakiri sai gasar 'yan dagaji. Kakar da ta biyo baya korona ta katse ta ba a hau da kowa ba, don haka zaman ƙasa ya ƙara tsawo. A 2021 Tornadoes ta dawo babbar gasa tare da Shooting Stars ta Ibadan da Remo Stars da Gombe United. Batun fili bai ƙare da dawowar ba: a kakannin da suka biyo baya an sake ganin ƙungiyar tana karɓar baƙi a Kaduna, kafin a dawo Bako Kontagora bayan gyare-gyare.